Igiyar Awo da Tumbi: Darasi a Kan Kitse da Hawan Jini

 Yanzu ne lokacin awo. Ana auna dawa da masara da tiya, ana ɗora auduga da waken suya bisa sikeli, kuma ba wanda zai yarda ɗan kasuwa ya dubi buhunsa da ido kawai ya yanka masa kuɗi. Manomi ya san ido yana ruɗi. Amma jikin da ya noma hatsin nan, da ido kaɗai muke auna shi. In mutum ya yi tumbi sai mu ce ya samu. In mace ta yi teɓa sai mu ce gidan miji ya karɓe ta. Darasinmu na wannan wata a kan wannan ne, muna kuwa roƙo a karanta shi da ƙarfi a wurin taro domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

Akwai wani dattijo a ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, amma ya yarda mu ba da labarinsa. Shekara da shekaru shi ne yake riga kowa isa gona, a ƙasa, da fartanya a kafaɗa. Da rashin tsaro ya hana mutane zuwa gonakin nesa, sai ya zauna cikin gari ya buɗe ɗan shagon hatsi da taki, ya sayi babur. Aiki ya ragu, abinci bai ragu ba. Da safe shayi mai sukari da burodi, da rana shinkafa da mai, da dare tuwo kamar yadda ya saba ci sa'ad da yake huɗa, ga lemon kwalba in rana ta yi zafi. Cikin shekara uku tela ya sake masa awon wando sau biyu. Mu kuwa da muke malaman gona, in mun biya shagon sai mu ce, "Baba, lalle hutu ya karɓe ka!" Ya yi dariya, ya shafa ciki. Wata safiya kofi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Da aka kai shi asibiti aka tarar jininsa ya hau ƙwarai, likita ya ce ga alama ya daɗe a haka. Yana nan da rai, amma hannu ɗaya da ƙafa ɗaya sun shanye. Matarsa ta bar sana'arta tana jinya, an jinginar da gonar fadama, babban ɗansa ya dawo gida daga makaranta. Mun sha koya wa mutumin nan yadda ake auna tazarar shuka da igiya, amma ba mu taɓa cewa a zagaya cikinsa da igiyar ba.

Mene ne hawan jini?

Wanda ya taɓa noman rani a bakin gulbi ya san injin ban ruwa da tiyo. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Duk bugun da zuciya ta yi tana tura jini da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa yana dannar bangon jijiya. Shi ake aunawa sa'ad da ma'aikacin lafiya ya ɗaura maka ƙyalle a damtse ya hura masa iska. Zai faɗi lamba biyu. Ta sama ita ce ƙarfin turi lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuwa lokacin da ta huta tsakanin bugu da bugu. Kusan 120 bisa 80 shi ne daidai ga babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an auna mutum a rana biyu dabam dabam aka sami 140 ko fiye a sama, ko 90 ko fiye a ƙasa, to, yana da hawan jini.

In ruwa ya yi wa tiyo yawa kullum, wata rana zai fashe a inda ya fi rauni, inji kuma zai gaji kafin lokacinsa. A jikin mutum, in jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In zuciya ce ta gaji, sai haki da kumburin ƙafa. Ƙoda da ido su ma suna lalacewa a hankali. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, yawancin masu cutar ba su jin kome. Mutane da yawa suna jiran ciwon kai ko jiri ya gaya musu, alhali kuwa mutum yana iya shekara goma da ita yana cin tuwonsa yana dariya.

Cutar ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, kusan rabinsu kuwa ba su sani ba. A nan Nijeriya, wasu masana sun tattara sakamakon awon da aka yi a wurare da yawa, suka buga a 2021. Lissafinsu ya nuna masu cutar sun tashi daga wajen miliyan 4 a 1995 zuwa fiye da miliyan 27 a 2020, watau kusan babba ɗaya cikin uku. Cikin masu cutar 100, wajen 29 ne suka san suna da ita, 12 suke shan magani, waɗanda jininsu ya sauka daidai kuwa ba su kai 3 ba.

Da ba haka take ba

Tsofaffinmu sukan ce a zamaninsu ba su san wannan cuta ba. Wani ɓangare na maganar rashin awo ne, amma akwai gaskiya a ciki. A 1929 wani likitan Ingila mai suna Donnison ya rubuta cewa ya yi shekara biyu a wani asibiti a yammacin Kenya, an kwantar da marasa lafiya wajen 1,800, bai ga mai hawan jini ko ɗaya ba. Bayan shekara hamsin da wani abu, wasu likitoci suka bi mutanen ƙabilar Luo na wannan yanki da suka bar ƙauye suka koma birnin Nairobi. Cikin 'yan watanni kaɗan jininsu ya fi na 'yan'uwansu da suka bari a ƙauye hawa, nauyinsu ya ƙaru, gishirin abincinsu ma ya ƙaru.

Wani bincike da aka buga a 1997 ya fi wannan faɗi. Likita Richard Cooper da abokan aikinsa sun auna mutanen da asalinsu duka Afirka ta Yamma ne, amma suna zaune a ƙasashe dabam dabam. A Nijeriya da Kamaru sun sami masu hawan jini wajen 16 cikin 100, a tsibiran Karibiyan irin su Jamaika da Barbados wajen 26, a cikin baƙaƙen Amurka kuwa wajen 33. Tsatso ɗaya ne. Abin da ya tashi tare da hawan jinin daga wuri zuwa wuri shi ne ƙiba da yawan gishiri. Tafiyar da waɗancan suka yi a ƙetaren teku, mu muna yin irinta a hankali a gida: daga gona zuwa shago, daga tafiyar ƙasa zuwa babur, daga turmi zuwa injin niƙa, daga fura da kunu zuwa lemon kwalba.

Ku tambayi mahauci

Duk mai kiwon turka ya san yadda ake sa rago ya yi kitse. A ɗaure shi wuri ɗaya, a ba shi dusa da harawa, kada a bar shi ya yi yawo. In an yanka irin wannan rago aka buɗe ciki, za a ga kitse iri biyu. Akwai na ƙarƙashin fata. Akwai kuma wanda ya lulluɓe hanji, ya naɗe hanta, ya binne ƙoda har sai an tona kafin a gan ta. Jikin mutum ma haka yake. Kitsen cinya da ɗuwawu na ƙarƙashin fata ne, ɓarnarsa kaɗan ce. Wanda yake cikin ciki, wanda yake tura tumbi gaba ya yi tauri kamar ganga, shi ne mai ɓarna.

Ga yadda yake ta da jini. Da fari, kowane ƙarin tsoka ko kitse yana bukatar jini, saboda haka jinin jiki yana ƙaruwa, zuciya kuma dole ta ƙara turi. Kamar manomi ne ya faɗaɗa lambu bai sake inji ba. Na biyu, kitsen ciki ba ajiya ba ne kawai kamar mai a tulu. Yana fitar da wasu sinadarai cikin jini, waɗanda suke zuga jijiyoyin da ke sa zuciya saurin bugu, suna kuma sa hanyoyin jini su tsuke. Na uku, wanda masana suka fi ba muhimmanci, shi ne ƙoda. Aikin ƙoda ne ta tace gishirin da ya yi yawa ta zubar da shi cikin fitsari. In kitse ya matse ta, sinadaran nan kuma suka dame ta, sai ta riƙa riƙe gishiri. Gishiri kuwa inda ya zauna ruwa yana binsa, kowace mace ta ga yadda gishiri yake jiƙewa da damina. Ruwa ya ƙaru cikin tiyon da ya tsuke, ai sauran bayani a fili yake.

Akwai kuma na wuya. Mai kaurin wuya yakan yi minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci cikin barci, sa'an nan ya farka a firgice yana shaƙewa. Duk ɗaukewar nan tana ta da jini. In matarka ta ce numfashinka yana tsayawa da dare, kada ka ɗauka tsegumi ne, ka faɗa wa likita.

Wani likitan Faransa, Jean Vague, shi ne ya fara jawo hankalin likitoci a 1947 cewa inda kitse ya taru ya fi yawansa muhimmanci. An daɗe ba a kula da maganarsa ba. Yau kuwa muna da shaida daga gida. A 2018 aka buga sakamakon wani babban bincike mai suna SIREN a kan shanyewar ɓarin jiki, wanda aka yi a asibitoci 15 na Nijeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya. An kwatanta majinyata fiye da 2,000 da masu lafiya sa'anninsu. Hawan jini ne ya fito kan gaba nesa ba kusa ba: lissafin ya nuna wajen kashi 90 cikin 100 na shanyewar yana da hannun hawan jini. Cikin sauran abubuwan da aka lissafa akwai ƙugun da ya yi girma in an kwatanta da kwatangwalo, da ƙarancin cin ganye, da barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an dafa.

Sikeli bai isa ba

A asibiti akan ɗora mutum bisa sikeli, a auna tsayinsa, a yi wani lissafi da ma'aikatan lafiya suke kira BMI. Wani masanin lissafi na Beljiyam mai suna Quetelet ne ya ƙago shi kusan shekara 200 da suka wuce, aka ba shi wannan suna a 1972. Ana ninka tsayi da kansa a mita, sa'an nan a raba nauyi a kilo da abin da aka samu. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce sosai. Lissafin yana da amfani in ana duba jama'a da yawa, gama a ko'ina aka gwada, inda lambar ta tashi hawan jini yakan tashi. Amma sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba, bai kuma san inda kitsen ya kwanta ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce mutum biyu ne, kowanne tsayinsa santimita 170. Na farko ɗan dako ne a kasuwar hatsi, nauyinsa kilo 78. Lissafinsa ya ba da 27, watau takarda ta ce ya yi nauyi. Amma ƙirji ne da damtse, ƙugunsa santimita 82 ne kawai. Na biyu mai jiran shago ne, nauyinsa kilo 70, lissafinsa 24, takarda ta ce lafiya lau. Hannuwansa da ƙafafunsa sirara ne, amma ƙugunsa 95. Wanne ne a bakin rami? Na biyun ne, shi ne kuwa wanda sikeli ya sallama. Irin wannan jiki, ƙafa kamar kara ciki kamar tulu, yana da yawa a cikinmu, babbar riga kuma tana rufa masa asiri. Ko a Janairu 2025 wani kwamitin masana na ƙasashe da yawa ya fito da shawara cewa kada a ƙara yanke hukuncin ƙiba da wannan lissafi shi kaɗai, sai an haɗa da awon ƙugu.

To, nawa ne ƙugu zai kai a ce ya yi yawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da iyaka. Ga namiji, hatsari yana farawa in ya wuce santimita 94, ya yi tsanani in ya wuce 102, watau inci 37 da inci 40 a tef ɗin tela. Ga mace, santimita 80 da 88, wajen inci 31 da rabi da kusan inci 35. Akwai kuma wanda ake raba awon ƙugu da na kwatangwalo, inda 0.90 ga namiji da 0.85 ga mace su ne iyaka. Sai dai an samo yawancin lambobin nan daga awon Turawa ne, ba su kuma lura da tsayi ba. Inci 36 a jikin dogon Bafillace dabam yake da inci 36 a jikin gajeren mutum.

Saboda haka mu a ganinmu, awon da ya fi dacewa da ƙungiyoyinmu shi ne na ƙugu da tsayi. Ƙa'idarsa layi ɗaya ce: kada ƙugunka ya kai rabin tsayinka. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta sa wannan cikin shawarwarinta a 2022. Ba ya bukatar sikeli, ba ya bukatar lissafi, namiji da mace duk ƙa'ida ɗaya ce. Mai tsayi 170, rabinsa 85. Mace mai tsayi 158, rabinsa 79. In ƙugu ya kai kashi 6 cikin 10 na tsayi, hatsarin ya yi girma ƙwarai.

Yadda za a auna

A sami igiya wadda ba ta miƙewa, irin ta awon shuka ta isa, ban da roba. Mutum ya tuɓe takalmi da hula ya tsaya ya jingina da bango. Wani ya auna igiyar daga ƙasa zuwa tsakar kansa, ya yanke ko ya ƙulla. A ninka ta biyu. Sa'an nan a laluba haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo a gefen jiki, tsakiyarsu ne wurin awo, yawanci ɗan sama da cibiya kaɗan. A ɗage riga, ko a bar mai shara-shara ɗaya. Mutum ya saki numfashi kamar yadda ya saba, kada ya tsuke ciki, gama mun ga dattawa suna shanye ciki kamar masu neman aikin soja. A zagaya da ninkakkiyar igiyar ba tare da an matse ba. In bakin igiya ya haɗu har da saura, madalla. In ya ƙi haɗuwa, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gabanka.

Kada wani ya ce ai ya san lambar wandonsa. Mai tumbi a ƙarƙashin tumbin yake ɗaura wando, saboda haka lambar wando takan gaza ta gaskiya da inci da dama. Mata su auna mata a ɗaki, maza su auna maza, kada kuma a mai da abin na ba'a. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake zuwa ba.

Awon nan bai shafi mace mai ciki ba, ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, ko ƙananan yara. Kuma a bambanta ƙiba da kumburi. In ciki ya taso cikin 'yan makonni, mutum yana ramewa a fuska da hannu, ko ƙafafu sun kumbura har in an danna yatsa ya lotsa, wannan ruwa ne, yana iya zama ciwon hanta, ko zuciya, ko ƙoda. Asibiti za a nufa, ba rage tuwo ba.

Muna so a fahimce mu sosai a nan. Ba mu ce kowa ya rage ci ba. A ƙauyukanmu masu bukatar ƙarin abinci suna da yawa, iyaye mata kuma sun san tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore da ake auna damtsen yara da shi saboda tamowa. Akan sami gida ɗaya da yaro mai tamowa da uba mai tumbi. Babban da ƙugunsa bai kai kashi 4 cikin 10 na tsayinsa ba ya rame da yawa, shi ma a duba shi.

Siriri ma bai tsira ba

Igiya tana nuna wanda hatsarinsa ya fi yawa, amma ba ta auna jini. Mun san manoma busassu kamar sanda waɗanda jininsu ya hau. Shekaru suna kawo shi, gado yana kawo shi, haka gishiri, da giya da burukutu, da ciwon ƙoda. Saboda haka kowane babba ya auna jini aƙalla sau ɗaya a shekara ko da igiyarsa ta haɗu. Wanda tasa ba ta haɗu ba, kada ya bar wata ya ƙare bai auna ba. Ana awo a ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye, da manyan asibitocin Tsafe da Bungudu, da Asibitin Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau.

Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta cire kuɗi daga asusu ta sayi na'urar awon jini mai batir, irin ta damtse, ta fi ta wuyan hannu aminci. A tabbata an sayo da babban ƙyalle, gama in an ɗaura ƙaramin ƙyalle a kaurin damtse, lamba takan fito sama da gaskiya, a tsorata mutum a banza. Mai awo ya zauna minti biyar tukuna, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu bisa tebur daidai da ƙirji. Kada ya ci goro ko ya sha taba rabin awa kafin awo, kada kuma ya yi magana ana cikin yi. A auna sau biyu a rubuta. Wanda ya sami 140 bisa 90 ko fiye ya sake wata rana, in ya maimaita ya kai takardar asibiti. Wanda ya kai 180 a sama ko 120 a ƙasa ya tafi ran nan, balle in akwai ciwon ƙirji, ko dishi-dishin gani, ko nauyin harshe. Mai ciki kuwa da jininta ya hau kada ta kwana a gida, saboda jijjiga.

Abin da ke rage ƙugu

An tattara gwaje-gwaje 25 a 2003, aka ga cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage, lambar sama takan sauka da wajen ɗaya. Kilo biyar, maki biyar ke nan. Ga wanda yake bakin iyaka wannan na iya raba shi da cutar. Ga wanda jininsa ya kai 170 kuwa bai isa ba, sai an haɗa da magani, kuma maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a bari. Wanda ya daina don ya ji sauƙi, jinin zai koma inda yake.

Abin farin ciki shi ne, kitsen ciki yana saurin amsa motsa jiki. Manomi da damina ba ya bukatar a koya masa wannan. Matsalarmu rani ce, wata biyar ko shida na zaman inuwa da cin damina. Tafiya mai sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake nema ga babba. In wurin da za ka bai kai mil ɗaya ba, bar babur ya huta.

Wajen ci, a fara da abin sha. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 8 ko 9, kuma ba ta ƙosarwa. Shayi da kunu da zoɓo ma mun mai da su ruwan sukari. Mai tumbi ya rage malmala ɗaya, ya cike gurbin da wake da ganye. Zogale, rama, tafasa, alayyafo, yakuwa, lalo, duk a bayan ɗaki suke, kwaɗonsu kuwa ba abincin talaka kaɗai ba ne. A rage ludayin mai a miya. Gishiri kuma, abin da aka yarda wa babba a yini bai kai ƙaramin cokali ɗaya cikakke ba, watau ƙasa da giram 5, har da wanda yake ɓoye cikin burodi da yajin tsire da magi. Wajen rabin dunƙulen magi gishiri ne, mu kuwa mukan jefa uku mu ƙara gishiri a kai. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ba da ɗanɗano, harshe kuma yakan saba cikin 'yan makonni. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya na masu jego da shan kunun kanwa da gashin jego.

Akwai abu guda da ba za mu yi shiru a kai ba. Wasu 'yan mata da amare suna sayen ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, domin kada a ce sun rame. Da yawa cikinsu dexamethasone ne, magani mai ƙarfi da likita yake bayarwa don wasu cututtuka. In an daɗe ana sha, yana kumbura fuska, ya tara kitse daidai a ciki, ya riƙe gishiri, ya kawo hawan jini da ciwon sukari. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke farat ɗaya, gama hakan ma hatsari ne, ta je likita ya rage mata a hankali. Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Mu ne muke tambayar amarya bayan wata uku, "Yaya ba ki yi ƙiba ba, ko ba ya ba ki abinci ne?" Haka kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da manoma suke haɗiya kullum bayan an tashi daga gona, suna ta da jini suna kuma cutar ƙoda. Masu tallar maganin narkar da kitse a tasha kuwa, kuɗinku kawai za su narkar.

A taro mai zuwa kowane memba ya zo da igiyarsa, mata su ma a gayyato su ko da ba su cikin rajista. Magatakarda ya ware shafi a bayan littafin ƙungiya, ya ja layi huɗu: suna, tsayi, ƙugu, awon jini. Littafin ya zauna a hannunsa shi kaɗai. A auna yanzu da aka gama girbi, a sake a ƙarshen rani kafin shuka, domin kowa ya ga abin da zaman rani ya ƙara masa. Ƙungiyar da ba ta da na'ura tukuna ta aiko mana da saƙo ta hannun shugabanta, za mu zo da tamu ran taron, mu ma a fara da namu ƙugun.